Hutun Ma'aurata a Masaukin Alfarma na Bakin Teku: Tambayoyin da Mutanen Abuja Suka Fi Yi

Masu tambayar kusan iri biyu ne. Ko dai ango ne da saura wata biyu a ɗaura masa aure, ko kuma uwargida da ta daɗe a ɗakinta ba su taɓa kwana a wani gari su biyu kaɗai ba, in ban da Umara, ita ma cikin ayari. Kowa ya ga hoton ɗaki mai rufin ganyen kwakwa da farin rairayi a gabansa, yana so ya san ta ina ake farawa daga Abuja. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin yadda nake bayar da su baki da baki.

Hajiya, me ya bambanta irin wannan masauki da manyan otal-otal na Maitama? Na ga kuɗin ma ya fi.

Babban otal na cikin gari bene ne mai ɗakuna ɗaruruwa, zaurensa cike da 'yan siyasa da masu jiran ganinsu. Kafin ka kai bakin lif ka gaisa da mutum uku da suka san mahaifinka. Masaukin da muke magana a kai bayan gari yake, sau da yawa kusa da ƙauyen masunta. Ɗakunansa kaɗan ne, kowanne a ware da 'yar farfajiyarsa, an zagaye shi da shuke-shuke yadda na kusa ba zai leƙo ba.

In laushin katifa da ƙaton talabijin kake nema, kada ka wahalar da kanka, Abuja ta fi su. Wasu da gangan ma ba sa saka talabijin. Abin da kuɗinka ke saya shi ne wurin da ba wanda ya san ku, ba mai sallama, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Duk mazaunin Abuja ya san gidansa masaukin dangi ne: ƙanin miji da ya zo neman aiki, gwaggo da aka turo Asibitin Ƙasa, ɗan maƙwabcin gida da ya zo karɓar biza ya zarce wata uku. Alheri ne, ba mai musu. Amma haka miji da mata za su shekara ba su yi hirar awa biyu a jere ba tare da wani ya katse su ba. Don haka duk masaukin da aka nuna mini, tambayata ta farko ita ce: zai ba su sirri ko kuwa? Sauran ado duk bayan wannan suke zuwa.

Daga Abuja, ina ya fi dacewa a nufa?

Mafi kusa dai gida ne. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, daga Badagry har iyakar Kamaru, sai dai wuraren da aka gyara domin hutu ba su da yawa. Jirgin Abuja zuwa Legas kamar awa ɗaya ne, amma daga Ikeja zuwa Ibeju-Lekki, inda irin su La Campagne Tropicana suke, mota kan ci lokacin da ya fi na jirgin, balle yanzu da matatar Dangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki suka cika hanyar da manyan motoci. Akwai kuma gidajen hutu na Ilashe, waɗanda sai da jirgin ruwa ake isa. Asabar da Lahadi na masu kiɗa da shagali ne a can, mai son shiru ya je tsakanin Litinin da Alhamis. A Akwa Ibom, jirgin Ibom Air na tashi daga Abuja zuwa Uyo, daga nan a bi ta Eket zuwa Ibeno mai dogon rairayi. Masaukai masu kyau a Uyo suka fi yawa, saboda haka tekun ya zama na zuwa da safe a dawo da yamma.

Ghana ta fi mu tsara wannan harka. Gabas da Accra akwai Ada Foah, inda Kogin Volta ke shiga teku, kana iya samun ɗaki mai kogi a gaba teku a baya. Yamma kuwa akwai Cape Coast da Elmina, kamar tafiyar awa uku a mota in cunkoson garin Kasoa da ke kan hanyar ya yi sauƙi, sai Busua da Axim can gaba da Takoradi, inda jama'a ke raguwa sosai. Bahaushe ba ya baƙunta a Ghana. Duk babban gari akwai zango, kuma a Nima ta Accra da Hausa za ka sayi kokonka da ƙosai. Gambiya, kamar Ghana, ba a buƙatar biza, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, amma jirginta daga Abuja sai an yada zango, tafiyar ta yi tsawo.

Wanda aljihunsa zai ɗauka, ni Zanzibar nake nuna masa. Tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, kusan duk mutanensa Musulmi, matansu da lulluɓi, kana ɗakinka kana jin kiran sallah daga ƙauyen kusa. Ruwansa ya fi namu kwanciya nesa ba kusa ba, saboda duwatsun murjani da ke can ciki suna karya ƙarfin igiyar kafin ta iso gaɓa. Daga Abuja an fi bi ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines. Wahalarsa ɗaya ce, biza.

Waɗanne takardu za mu tanada?

Fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida. Amarya ta duba nata tun yanzu, domin in sunan da ke fasfo ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, gyaran kan ɗauki lokaci. Tikitin jirgi kuma da sunan da ke cikin fasfo ake yankarsa harafi da harafi. Angwaye da yawa cikin ɗoki sukan liƙa wa amarya sunansu a tikiti, a je filin jirgin Nnamdi Azikiwe ana cacar baki.

Ghana da Gambiya suna cikin ECOWAS, ɗan Najeriya na shiga ba biza har kwana 90. Tanzaniya kuwa Najeriya na cikin ƙasashen da ba ta ba su biza a filin jirgi. Ta intanet ake cikewa, a jira hukumar shige da ficensu ta amince, kuma gara a nema wata biyu kafin ranar tafiya. Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai bizar ta fito. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma, duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44, ko da yana da wata inshorar.

Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai fitowa daga Najeriya. Ofishin lafiya na filin jirgi ne ke bayar da shi. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, amma tun 2016 an daina sabunta ta duk shekara goma, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ku jefa takardar aurenku cikin jaka. Da wuya a tambaya, amma tun da sunayenku na fasfo daban ne, tana kashe magana in ta taso.

Wane wata ya fi?

A Legas da gaɓar Ghana, ruwan sama ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Rani daga Nuwamba zuwa Maris ne. Disamba kuwa ku bar wa masu dawowa daga Turai da Amurka: ɗaki ya yi tsada, tikiti ya yi tsada, shirun da kuka je nema kuma babu shi. Ƙarshen Janairu da Fabrairu sun fi, sai dai hazon hunturu kan jinkirta jirage.

Zanzibar lissafinta daban. Babbar damina daga Maris zuwa Mayu ce, har wasu masaukan kan rufe su yi gyara. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Yuni zuwa Oktoba ne lokacin iska mai daɗi da ƙarancin ruwa, Janairu da Fabrairu kuma zafi ne amma sararin sama garau. Ba sai na ce a duba kalandar azumi ba, amma na faɗa, domin akwai wanda ya ga farashi ya faɗi ya yi murna bai lura Ramadan ba ne.

Ta yaya zan gane hoton da ake nuna mini ba yaudara ba ce?

Gani ya kori ji, kuma yanzu ana iya gani daga Gwarimpa. Ka buɗe Google Maps ka duba hoton sama na wurin. Nan za ka ga ko tsakanin ɗakin da teku akwai titi, ko wani ginin, ko filin da ake gini a kai. Ɗakin da ake hangen teku daga tagarsa daban yake da wanda in ka sauko daga baranda ƙafarka rairayi za ta taka, kuma masu talla sun iya lulluɓe wannan bambanci. Ka karanta abin da waɗanda suka sauka cikin 'yan watannin nan suka rubuta, ka fara da masu ƙorafi. In mutum biyar da ba su san juna ba duk sun ambaci ƙarar janareta ko kiɗan maƙwabta, to gaskiya ne.

Sannan ka kira su ta bidiyon WhatsApp ka ce a zagaya da kai ainihin ɗakin da za a ba ka. A nuna maka banɗaki, a kunna famfo, a tsaya a baranda a juya waya hagu da dama ka ga wa ke iya hango ku. Ka tambayi wuta: ta gwamnati ce, sola ce, ko janareta, kuma ana kashewa da dare? Ka tambaya ko an ba da wurin hayar biki a ranakun da za ku zo, domin bikin aure ɗaya ya isa ya mayar da masaukin mutum ashirin filin rawa. Kuɗi kuma a asusun kamfani ake biya, a karɓi takardar shaida daga masaukin kansa. Dillalin Instagram da ya ce ka tura kafin alƙalami a asusunsa na kansa yau-yau kafin ɗaki ya ƙare, ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

An ba ni farashi uku a ɗaki ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Na farko kwana ne da karin kumallo. Na biyu an ƙara abincin dare. Na uku shi ne wanda suke cewa komai na ciki, ci da sha ba iyaka. Shi ya fi jan ido, kuma shi na fi hana mutanenmu ɗauka. Babban kaso na kuɗinsa na giya ne, an yi lissafin ne da Baturen da zai wuni a bakin ruwa yana sha. Kai da iyalinka lemo da ruwan kwakwa za ku sha, ku biya wa wani kuɗin barasa. Na biyun ya fi dacewa, domin masaukin ƙauye ba shi da gidan abinci kusa da za a fita nema da dare, da rana kuwa ko kuna yawo ko kun ƙoshi da karin safe.

Ka tambayi abin da ba a rubuta ba. A Najeriya akwai harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, Legas na ƙara kashi 5 na otal da gidajen abinci, masaukai da yawa kuma suna ɗora kuɗin hidima. A Zanzibar akwai harajin da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, galibi ranar fita ake biya. Motar ɗauko ku daga filin jirgi ma ba lallai tana ciki ba, kuma daga filin jirgin Zanzibar zuwa Nungwi da ke arewacin tsibirin tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. In za ka canza dala a Zone 4, ka ce a ba ka sababbin takardu marasa yagewa, domin a gabashin Afirka sukan ƙi tsofaffi. Ka kuma ji daga bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje.

Abincin fa, halal ne?

A Zanzibar da Gambiya naman kasuwa yankan Musulmi ne, amma wasu masaukai mallakar Turawa ne, suna ajiye naman alade don karin kumallon baƙinsu, wasu miyar kuma da giya ake haɗa ta. Ka faɗa musu a rubuce tun kafin ku zo. A kudancin Ghana da Akwa Ibom sai an fi sa ido, mafi sauƙi a tsaya kan kifi. Mu Malikawa an sauƙaƙa mana a nan, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ƙaguwa da jatan lande da wannan mai hannuwa takwas da mutanen Zanzibar ke dafawa da madarar kwakwa. Wanda bai taɓa cin su ba ya fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓarsu.

Abu ɗaya da ke ba amare mamaki: in kun ce hutun amarci ne, za ku tarar da kwalbar giya cikin ƙanƙara an jera ta da furanni a kan gado, kyauta ce a wurinsu. Ku ce a musanya da lemon 'ya'yan itace, a kuma kwashe wadda ke ƙaramin firjin ɗaki. Ba sa jin haushi, sun saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa.

Matata ba ta fita ba hijabi. Za ta iya shiga ruwa kuwa?

Za ta iya, kuma a nan ne ƙarin kuɗi ke da amfani. Ka nemi ɗakin da ke da ƙaramin wurin iyo nasa na kansa cikin katanga. In za a rage kwana ɗaya don a samu wannan, a rage. Ba ta da damuwar idon kowa, kai ma ba ka zauna kana zare ido ba. Don shiga teku kuma akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki duka har kai, ta saya tun daga nan ta gwada. Kada ta shiga da doguwar abaya ko zani. Tufa in ta sha ruwa nauyi take yi ta nannaɗe ƙafa, wannan haɗari ne na gaske.

Ku sani kuma bakin teku na kowa ne, za ku ga Turawa da shigarsu ta wanka. Masauki mai ɗakuna kaɗan a gefen da babu cunkoso, irin Matemwe ko kudancin Jambiani a gabashin Zanzibar, yana rage wannan. In za a yi tausa, a nemi mace ga mace, namiji ga namiji tun wajen yin rajista.

Ni na iya iyo tun ina yaro a kogin garinmu. Akwai abin tsoro?

Akwai, kuma irinku na fi ji wa tsoro, Alhaji. Wanda bai iya ba ba ya nisa. Tekun Atilantika na gaɓar Legas da Ghana ba Tafkin Jabi ba ne. Igiyar da ta bugi gaɓa dole ruwanta ya koma, sai ya tattaru ya bi ta wata siririyar hanya da ƙarfi yana ja zuwa ciki. Abin takaicin, wurin ne ya fi kama da inda ruwa ya kwanta, babu kumfa, sai mutum ya zaɓe shi. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi kokawa ya dawo kai tsaye, gajiya ce ke kashe shi. Abin yi shi ne ya sake jiki ya yi yawo a saman ruwa, ya ɗaga hannu, in zai yi iyo ya yi ta gefe daidai da gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya juyo.

Mafi yawan wuraren nan ba su da mai ceto. Ka tambayi ma'aikata ko masunta inda ake shiga, jan tuta kuma hani ne. Wanda bai ƙware ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma kada a juya wa teku baya ana ɗaukar hoto. Duk jirgin ruwan da za ku hau, rigar ceto kafin a tayar da inji, kuma ban da tafiyar dare.

An ce mini a Zanzibar wani lokaci tekun kan gudu a bar mutum da taɓo. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a gabashin tsibirin. Ruwa na cika ya janye sau biyu a yini, kusan awa shida tsakani, kuma a Paje da Jambiani da Matemwe yakan ja baya sosai har sai ka hango shi can nesa. Lokacin ne matan ƙauye ke shiga gonakinsu na ciyawar ruwa, abin kallo ne shi ma. Ana iya takawa, amma da takalmin roba, saboda wata halitta mai baƙar ƙaya da ke ɓuya cikin duwatsu. Mai son ruwa a gabansa kowane lokaci ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa, sai dai can ne jama'a da kiɗan dare suka fi yawa. Gabas na da fitowar rana da shiru, arewa na da faɗuwarta da hayaniya. Mu da muke tashi asuba, ni gabas nake zaɓar mana.

Sallah fa?

Ku tafi da darduma, masaukai ba su cika ajiyewa ba. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya cikawa zai yi daga isarsa. A Zanzibar alƙibla kusan arewa sak take, domin tsibirin na kudu da Makka ne, kada sabo ya sa ku fuskanci gabas. Agogonsu na gaba da namu da awa biyu, na Ghana da Gambiya kuma na baya da awa ɗaya. Mutanen Zanzibar galibi Shafi'awa ne, za ku ga 'yan bambance-bambance a masallaci, ba abin damuwa ba ne.

Mata biyu gare ni. Yaya zan yi?

Wannan tambayar a hankali ake yi mini ita, bayan an gama sauran. Amarya budurwa tana da kwana bakwai, bazawara uku, wannan sananne ne. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. Hukuncin ramuwar kwana ka kai wa malaminka. Abin da ni zan faɗa na zaman gida ne: in uwargida ta shekara goma tana fama da kai iyakarta Kaduna, sannan ta ga amarya a bakin Tekun Indiya a waya, wannan ciwon ba atamfa ce za ta warkar da shi ba. Ka raba kuɗin biyu, kowacce ta samu tafiyarta ko da Ada ce maimakon Zanzibar, kuma da son samu ne da uwargida za a fara. Kwasarsu duka a tafi tare kuwa sunansa yawon iyali, lissafinsa daban.

Yara fa? Kuma me zan ce wa Hajiyarmu?

Masaukai da yawa irin waɗannan ba sa karɓar ƙananan yara, ku tambaya. In akwai na goye, ku nemi mai karɓa ko ku jinkirta. Sauran a kai su wajen kaka. Iyaye kuma a faɗa musu gaskiya a nemi addu'arsu, a bar musu sunan masaukin da lambarsa. Tsofaffinmu sukan ga abin almubazzaranci ne, amma sun fi jin zafin su ji labari a bakin wani. Hotuna kuma ba dole ne duniya ta gani kuna can ba. Ban da maganar baki da ido, kana sanar da kowa ne cewa gidanka na Lokogoma ba kowa.

Zan iya tafiya da turaren wuta da humra?

Amarya ba ta tafiya ba su, na sani. Humra da turaren kwalba a babbar jakar da za a auna, domin ta hannu ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100, kuma a naɗe su da kyau cikin tufafi. Kasko da gawayi kuwa a bar su a gida. Rufin ɗakunan nan busasshen ganye ne, iskar teku kuma ba ta tsayawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ki sayi abin turare na lantarki, soket ɗin Ghana da Tanzaniya irin namu ne mai baki uku. Ki sanar da ma'aikata saboda na'urar gano hayaƙi. Yaji a kwalba ba laifi, kilishi dai ana iya ƙwace shi a kan iyaka. Ledar sayayya ma a cire daga kaya, Tanzaniya ta haramta ta tun Yunin 2019.

Iyalina na da ƙaramin ciki. Mu fasa?

Likitanta ne zai yanke. Abin da za ku gaya masa shi ne nisan masaukin da asibitin kirki, domin kaɗaicin da kuka saya yana nufin asibiti ma na nesa. Jirgin ruwa mai gudu yana jijjiga sosai, ta haƙura da shi. Ga kowa da kowa kuwa: gidan sauro, maganin shafawa na sauro, ruwan gora, da duk maganin da mutum ke sha kullum a jakar hannu. Zafin bakin teku mai laima ne, gumi ba ya bushewa kamar na Abuja, sai a yawaita shan ruwa a kuma guji ranar tsaka.

Kwana nawa ya isa? Ina tsoron mu gaji da zama.

Cikin gida ko Ghana, dare uku zuwa huɗu. Zanzibar biyar zuwa bakwai, tun da zuwa da dawowa kaɗai na cin kusan yini biyu. Ranar farko barci ne. Ta biyu ita ce mai wuya, musamman ga maigidan da ya saba waya biyu na ringi, sai ya rasa abin cewa ya fara neman inda intanet ya fi ƙarfi. A ajiye wayoyin a aljihun tebur, a ware awa ɗaya da yamma don kiran gida.

Kada kuma ku cika kwanakin da yawo har ku dawo a gajiye. Fita ɗaya ko biyu ta isa. A Zanzibar akwai tsohon garin Stone Town mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da kasuwar abincin dare ta Forodhani, da dajin Jozani mai jajayen birai. Gonakin kayan ƙamshi sun fi burge matanmu, domin nan za ta ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, abin da ta saba gani a ƙulle a kasuwar Wuse. A Ghana akwai gadar igiya ta saman bishiyoyi a dajin Kakum, da ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Wurin na da nauyi a zuciya, kada ku sa shi ranar ƙarshe.

Wace tsaraba ake kawowa?

Daga Zanzibar kayan ƙamshi ne: kanumfari, kirfa, kayan shayi, ba nauyi ba tsada, kuma kowace gwaggo za ta ji daɗinsu. Akwai zanen kanga da ake sayarwa biyu-biyu, da rubutun Swahili a gefensa. A sa mai shago ya fassara kafin a saya, domin wasu habaici ne, kada a kai wa suruka ko abokiyar zama abin da zai zama magana. Daga Ghana cakulan da yadin kente. Murjani da manyan kwansunan teku da ƙoƙon kunkuru da yara ke tallarsu a bakin ruwa kada ku saya, doka ta hana fita da irinsu, kuma a filin jirgi ake karɓewa. Ku bar gurbin kilo biyar a jaka tun daga Abuja, kuɗin ƙarin kaya ya fi tsarabar tsada.